Sunayen Garuruwa a Bakin Makaɗi

Duk shekara in ɗaya ga Oktoba ta ƙarato, sai ka ji wasu 'yan boko suna cewa waƙoƙin kishin ƙasa na makaɗanmu roƙo ne aka sa wa babbar riga, wai gwamnati ta biya, makaɗi ya buga. An biya, ba gardama. To amma Taiwo Akinkunmi da ya zana tutar kore da fari, ai shi ma fam 100 aka ba shi, kuma ban taɓa jin wanda ya kira tutar roƙo ba.

Daga 1960 zuwa yau waƙar ba ta huta ba. A yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, Rediyon Kaduna ta cika da waƙoƙin ƙarfafa wa soja gwiwa. Da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, aka kuma kawo naira da kwabo a 1973, makaɗa sun taya gwamnati kai saƙo ƙauyuka.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne jera sunayen garuruwa, dabarar da Mamman Shata ya ƙware a kanta. Makaɗi yakan bi hanya yadda direban babbar mota ke bi, gari bayan gari, har ka ji kamar kana zaune a bayan motar. Kowane suna yana faɗowa daidai bugun kalangu. Mai gajeren suna a haɗa shi da maƙwabcinsa cikin numfashi ɗaya, mai tsawo irin Kontagora a ja shi ya cika ɗango shi kaɗai, 'yan amshi su rufe da gindin waƙa, a ba mai sauraro sararin haɗiye yawu kafin a ci gaba. Wannan ɗan jiran shi ne sirrin abin. Mutumin Bangi da ke zaune gindin rediyo, da ya ji an taso daga Minna an wuce Tegina, sai ya daina hira, ya kasa kunne, don an doso gida. In aka ambaci garinsu sai ya gyara zama. Baiti biyu gaba kuma an kai shi Legas ko Inugu, garuruwan da bai taɓa takawa ba, amma yanzu suna jere da nasa a bakin mutum ɗaya, kan kiɗa ɗaya.

Masu cewa wannan cika baiti ne don makaɗi ya rasa abin faɗa, ba su taɓa tsayawa filin wasa sun ga lokacin da ake tashi yin liƙi ba.

Yaran firamare a Bangi kan rera taken ƙasa da Turanci ranar fareti. An sauya taken a 1978, aka dawo da tsohon a 2024, kuma duka biyun babu wanda ya ambaci gari ko ɗaya. Ina girmama taken, amma a ganina Bahaushe yana fara son ƙasa ne ranar da ya ji ƙasar ta san sunan garinsu. Shekarun nan Mariga da Kotonkoro da Bangi sun fi fitowa a rediyo cikin labarin 'yan bindiga. Abin yana ci mini rai. Ina so ranar ɗaya ga Oktoba wani mai kalangu ya taso daga Kontagora, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya ja sunan Bangi har 'yan amshi su karɓa.