Kokawa: Ilimin Kada Ƙato

Da zarar gero ya shiga rumbu, sanyin hunturu ya fara busowa ta fadamun Gandi da Rabah da Wurno da Goronyo, sai kunnen samari ya koma wajen ganga. Lokacin kalankuwa ne da bukukuwan aure, lokacin da kasuwa ke cika domin kowa da abin sayarwa a hannu. Dambe wasan mahauta ne tun asali, kokawa kuwa ta manoma ce, shi ya sa ba a share mata fage sai an gama da gona. Da yamma ta yi, ko farin wata ya fito, samarin ƙauyuka sukan taho da makaɗansu, a zagaye fili, a ba su wuri.

Baƙo a bakin fage yakan zaci ƙarfi ne ke kayarwa. Tsofaffin 'yan kokawa dariya suke yi in sun ji haka, domin sun sha ganin siririn yaro ya shimfiɗe ƙaton da ya ninka shi a jiki. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Farkon abin da gwani ke mallaka shi ne tsayuwa. Yakan ware ƙafafu, ya sassauta gwiwa, ya tura ƙugu baya, ya sunkuyar da kai, ta yadda duk wanda ya kawo hannu zai tarar da kafaɗa kafin ya kai ga ƙafa. Yakan ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu don kada zufa ta sa riƙonsa ya sulɓe. Daga nan sai a fara abin da masu gaggawa ke ɗauka ɓata lokaci ne: wannan ya taɓa kan wancan, wancan ya kaɗe hannun, a ja baya, a sake matsowa. Alhali a nan ake cin kokawar. Kowannensu yana lalubar a kan wace ƙafa abokin karawarsa ya ɗora nauyinsa, yana sauraren numfashinsa, yana auna ko mai saurin fushi ne ko mai haƙuri.

Idan aka haɗa jiki, dabarun kayarwa suna da yawa, amma tushensu guda ne: a raba mutum da ƙafar da ya dogara a kanta. Mai taɗiya yakan jira sai abokin karawa ya ɗaga ƙafa zai taka, sannan ya share ɗayar. Mai ɗibar ƙafa yakan nutse ƙasa farat ɗaya, ya cafki bayan gwiwa, ya sa kafaɗa ya ture. Akwai mai kama ƙugu ya ɗaga mutum sama ya juya shi kafin ya sauke. Wanda ya fi burge masana kuwa shi ne mai barin a tura shi. Yakan yi kamar ya gaji, ya ja da baya taki ɗaya, taki biyu, har ƙato ya saki jiki ya zubo duk nauyinsa gaba, sai ya kauce ya ja shi ta inda dama ya nufa. Ƙaton da ƙarfinsa yake faɗuwa.

Kare kai ma ilimi ne. Wanda aka ɗaga bai faɗi ba tukuna. In gwani ne, zai harɗe ƙafarsa da ta mai ɗaukarsa, ya saki nauyinsa ƙasa, har hannun wancan ya mutu. Wani ma a cikin iska yake juyawa ya dira a kan wanda ya ɗauke shi.

Ba a makaranta ake koyon wannan ba. Hauya da ɗaukar dami su ke gina baya da cinya. Rairayin bakin gulbi shi ne fagen farko na yara, inda faɗuwa ba ta da zafi, inda kuma ƙafa ke koyon riƙe ƙasa mai zamewa. Sauran sai da kallo da shan kaye. Manya ne ke haɗa sa'a da sa'a, su raba in abin ya fara zama faɗa. Makaɗi kuma ya san take da kirarin kowane gwani, ya san lokacin da zai zuga shi. Layu da guraye suna nan a damtse da ƙugu, amma ko masu ɗaura su ba sa barin atisaye saboda su.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗaga wannan wasa zuwa matsayin bikin ƙasa. Tun 1975, da aka fara a Tawa, ake gasar kokawa da ake ba zakaranta takobi, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakaran farko. Yanzu jihohi takwas ke kawo 'yan kokawa goma-goma, gasar tana zagayawa daga jiha zuwa jiha, garin da ya karɓi baƙunci kuma kasuwarsa takan buɗe har a watse. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin sau shida zuwa ƙarshen 2023.

Can a Japan ma, cikin abubuwan da ke cika birnin Osaka a watan Maris, lokacin da sanyi ke janyewa, akwai gasar kokawarsu ta sumo, wadda ake kwana 15 ana yi. Ɗaya ce daga manyan gasa shida na shekara. Asalinta na da alaƙa da bukukuwan roƙon albarkar gona. Fagensu da'ira ce mai faɗin mita 4.55, wanda ya fita daga cikinta ko wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, an kada shi. Ba sa raba 'yan wasa bisa nauyi, don haka ƙarami na iya haɗuwa da ƙato. Sun ƙididdige dabarun kayarwa 82, kowacce da sunanta a rubuce.

A nan ne Japanawa suka sha gabanmu. Namu dabarun suna jikin masu su, ba a takarda ba. Tun harin da aka kai ƙauyen Tabanni a 2018, wanda ya koro jama'a da dama zuwa Gandi, taron dare ya yi wuya a ƙauyuka da yawa na gabashin Sakkwato, kuma yaron da bai ga gwani a fage ba, ba shi da inda zai koya. Hakimai da ƙananan hukumomi na iya mayar da wasan rana, a ranar kasuwa, cikin garuruwan da ke da tsaro, a zaunar da tsofaffin gwanaye su yi alƙalanci, a kuma ɗauki bayanansu da murya da hoto tun suna da ƙarfin nuna yadda ake yi.