Sholay: Jigon Ramuwar Gayya da Rawar Taurarinsa

1.0 Gabatarwa
Tun shekarun 1960 fina-finan Indiya suka samu karɓuwa a gidajen silima na Kano irin su Plaza da Marhaba, har masu kallo suka riƙa yi wa 'yan wasa laƙabi. Brian Larkin ya nuna a 1997 cewa ana kiran Dharmendra da "Sarkin Ƙarfi". Wannan takarda za ta duba Sholay, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni, aka fara nuna shi ranar 15 ga Agusta, 1975.

2.0 Jigo
Babban jigon fim ɗin shi ne ramuwar gayya. Thakur (Sanjeev Kumar) tsohon ɗan sanda ne da ɗan fashi Gabbar Singh ya kashe masa iyali, ya kuma sare masa hannuwa. Sai ya ɗauko hayar ɓarayi biyu, Veeru (Dharmendra) da Jai (Amitabh Bachchan), domin su kamo masa Gabbar da rai. A nan ne marubuta Salim Khan da Javed Akhtar suka ɗora tambayar da ke riƙe da labarin: idan hukuma ta gaza, wa zai kare ƙauye?

3.0 Taurari
An gina taurarin ne bisa kishiyantar hali. Veeru mai barkwanci ne, Jai kuwa miskili. Basanti (Hema Malini) mai keken doki ba ta rufe baki, ita kuwa Radha (Jaya Bhaduri), wadda mijinta ya mutu, da ƙyar take magana. Amma wanda ya fi fice shi ne Amjad Khan a matsayin Gabbar. Muguntarsa ba a ihu take ba. Tana cikin jan magana a hankali da dariyar da ke zuwa kafin kisa. Ɗalibin harshe zai lura cewa karin murya na iya isar da tsoro ko ga wanda bai ji Hindi ba.

4.0 Rauni
Raunin fim ɗin yana ga mutanen ƙauyen Ramgarh. Su ake karɓa wa hatsi da ƙarfi, amma an mayar da su 'yan kallo, ceto kuma sai daga baƙi biyu masu bindiga. Wanda ya san yadda 'yan bindiga suka ɗora wa ƙauyukan Zamfara da Katsina haraji, da yadda ramuwa tsakaninsu da 'yan sa-kai ta ƙara rura wutar, zai ga cewa maganin fim ɗin ya yi sauƙi da yawa. Ƙarshensa ma ya samu tangarɗa. A asali Thakur ne ya kashe Gabbar, amma hukumar tace fina-finai ta Indiya ta sa aka canza, 'yan sanda suka iso suka kama shi. Wato hukumar da ta ɓace tun farkon labari ta bayyana a mintunan ƙarshe. An nuna ƙarshen na asali a birnin Bologna na Italiya a 2025.

5.0 Kammalawa
Sholay ya yi nasara ta fuskar zaɓen 'yan wasa da gina halayensu, amma tambayar da ya tayar ta fi amsarsa nauyi. Yana da kyau ɗalibai su kwatanta ƙarshen biyu, su tantance wanda ya fi dacewa da jigon.