Tafiyar Iyali Zuwa Taron Masoya Littattafan Zane da Katun

Taron masoya littattafan zane da finafinan katun bajekoli ne na kwana biyu zuwa huɗu, inda masu zane da mawallafa da kamfanonin fim da masu karatu suke haɗuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ana saye da sayarwa, ana sauraron marubuta, ana nuna somin-taɓin finafinan da ba su fito ba, wasu mahalarta kuma sukan yi shiga irin ta taurarin labaran da suke ƙauna. Uku daga cikin irin waɗannan taruka sun yi fice a duniya: Comic-Con na birnin San Diego a Amurka, da Comiket na Tokyo a Japan, da Japan Expo na Faris a Faransa. A yau iyalai kan yi tanadin shekara guda, su nemi biza, su tsallaka teku da 'ya'yansu domin halartar ɗaya daga cikinsu. Sai dai babu ko ɗaya da aka kafa shi da iyali a zuciya, kuma wannan asali yana nan a jikin tsarinsu har gobe.

Na San Diego ya fara ne a 1970, lokacin da wani mai sha'awar zane, Shel Dorf, tare da wasu samari, suka kama ɗakin ƙarƙashin ƙasa na otal ɗin U.S. Grant. Mutum kusan 300 ne suka halarta a watan Agustan shekarar, cikin baƙin da aka gayyato har da mai zane Jack Kirby da marubuci Ray Bradbury. A wancan zamani manya a Amurka suna kallon littafin zane a matsayin shiriritar yara, don haka baligin da bai daina karanta shi ba yakan ɓoye abinsa. Taron ya zama mafakar irin waɗannan mutane, inda za su yi cinikin tsofaffin mujallu ba tare da an yi musu dariya ba. Masu fim sun fara leƙowa da wuri, domin a 1976 an kawo tallar Star Wars shekara guda kafin fitowarsa, amma sai bayan komawa babbar cibiyar taro ta birnin a 1991 abin ya bunƙasa, har mahalarta suka haura 130,000.

Yadda iyali ya shigo cikin lamarin ba shi da wuyar fahimta. Yaron da ya kalli Star Wars a 1977 ya zama magidanci kafin shekarar 2000, kuma bai ajiye sha'awarsa a ƙofar gidan aure ba. Da ya haihu, sai ya sa 'ya'yansa a gaba. Finafinan Marvel, tun daga Iron Man a 2008, sun mayar da jaruman da a da masu karatu kaɗai suka sani zuwa sunayen da ake ambata a kowane gida. A wannan shekarar kuma tallar fim ɗin Twilight ta jawo ɗimbin 'yan mata da iyayensu mata, abin da ya sa wasu tsofaffin mahalarta gunaguni cewa an mamaye musu wuri. Gunagunin ba shi da tushe, domin mata suna cikin harkar tun farko, kuma taron da ya rufe ƙofa ga sababbin jini ƙarshensa tsufa da masu shi.

Masu shirya taron sun buɗe wa yara ƙofa ta hanyoyi da dama. Yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa yana shiga kyauta idan yana tare da babba mai tikiti, matasa suna biyan ragi, ranar Lahadi kuma, wadda ita ce ta ƙarshe, an fi cika ta da shirye-shiryen yara. Amma samun tikitin kansa aiki ne. Ana sayar da shi ta intanet watanni da yawa kafin Yuli, watan da ake yin taron a yanzu, ta hanyar da ta yi kama da ƙuri'a, kuma yakan ƙare cikin ɗan lokaci. Ɗakunan otal ma haka ake rububinsu. Iyalin da ke zuwa daga wata ƙasa sai sun haɗa sa'ar tikiti da ta masauki da ta biza, ga kuɗin jirgi a tsakiyar lokacin hutu, sa'ad da farashi ya fi tsada.

A cikin taron, wurin da ya fi suna shi ne zauren da ake kira Hall H, mai ɗaukar mutum kusan 6,500, inda manyan kamfanonin fim ke kawo taurarinsu. Ba a fitar da jama'a tsakanin wani shiri da wani, saboda haka wanda ya samu kujera da safe yakan zauna har yamma, na waje kuma sai wani ya fita kafin ya shiga. Dalilin da ya sa mutane ke kwana a layi ke nan, a kan ciyawa, cikin bargo. Wannan ba tsari ne da ɗan shekara shida zai jure ba, kuma uban da ya dage a kansa yana biyan buƙatar kansa ne da sunan yaro. Abin da ake nunawa a ciki ma, yawancinsa yakan hau intanet kafin gari ya waye.

Inda tafiyar ke cin kuɗinta ga yara shi ne layin masu zane, wani ɓangare na babban zauren da aka jera ƙananan tebura, kowane mai zane zaune a bayan nasa da fensira da alƙaluma da tarin takardu. Yarinya takan miƙa littafinta, ta faɗi sunan tauraron da take so. Mai zanen ya fara da da'ira guda da layuka biyu masu ratsa juna, ya sa ido a kan layin kwance, ya ja haɓa, ya goge, ya sake ja, sannan ya bi da tawada. Cikin 'yan mintuna fuskar da ta saba gani a talabijin ta fito daga hannun mutum mai tabon tawada a yatsa. Yaron da ya taso yana ganin katun a waya yakan ɗauka daga na'ura yake fitowa. A gaban wannan tebur ne yake gane cewa sana'a ce da ake koya, ana kuskure ana gyarawa, ana kuma ci da iyali da ita. Duk wani abin da ke cikin taron ana iya samunsa a kanti ko a intanet, ban da wannan.

Sai shigar kwaikwayo, wadda ita ce fuskar da duniya ta fi sanin waɗannan taruka da ita. Al'adar ta girmi Comic-Con, domin tun a taron masoya labaran kimiyya na New York a 1939 Forrest Ackerman da Myrtle Douglas suka bayyana cikin tufafin da ita Douglas ta ɗinka. Japanawa sun ɗauke ta suka ƙawata, har birnin Nagoya yake karɓar taron duniya na masu irin wannan shiga tun 2003. Ga iyali, aikin yakan fara makonni kafin tafiya: a yanka soso mai tauri a yi sulke, a manna da gam, a fesa fenti, uwa ta ɗinka alkyabba, a gwada a ga ko yaro zai iya zama ko shiga bayi da ita. Sau da yawa gida guda kan zaɓi labari ɗaya su raba taurarinsa a tsakaninsu, har jinjiri a goye yana da nasa matsayi. A ƙofar shiga akwai teburin da ake duba makaman wasa, a ɗaura musu alama idan an tabbatar ba sa cutarwa. Takobi mai kaifi ko bindiga mai harbi ba ta shiga. Akwai kuma ladabin hoto, wato ba a ɗaukar mutum sai da izininsa, ba a kuma taɓa shi don ya yi shiga. Dokar ta yi ƙarfi ne bayan koke-koken mata game da cin zarafi, kuma ta amfani yara ƙwarai, don yaron da shigarsa ta yi kyau baƙi da yawa za su so ɗaukarsa.

Comiket na Tokyo wani abu ne daban. An fara shi ranar 21 ga Disamba 1975 da ƙungiyoyi 32 da mahalarta kusan 700, galibinsu 'yan mata 'yan makaranta, kuma Yoshihiro Yonezawa yana cikin waɗanda suka assasa shi. Kasuwa ce ta littattafan da masu sha'awa suka zana suka buga da kuɗinsu, kowace ƙungiya da rabin tebur da kujerunta. Ta wannan fuska ya yi kama da adabin kasuwar Kano, inda marubuta, mata da yawa a cikinsu, suka riƙa buga littattafansu da kansu suna kai wa masu karatu ba tare da jiran babban kamfani ba. Ana yin sa sau biyu a shekara, a Agusta da Disamba, a cibiyar Tokyo Big Sight tun 1996, kuma 'yan sa-kai ne ke gudanar da shi. A Disambar 2019 an ƙirga shigar mutum 750,000 cikin kwana huɗu. Dokokinsa masu tsauri ne: ba a gudu, ba a kwana a layi, mai shigar kwaikwayo kuma ba ya tahowa da ita daga gida, sai ya canza a ɗakin da aka keɓe, don kada a takura wa sauran fasinjojin jirgin ƙasa.

Duk da kyawun tsarinsa, Comiket shi ne mafi ƙarancin dacewa da ƙananan yara. Zafin Agusta a Tokyo mai gumi ne, mutane kan suma a layi, cunkoson kuma yana iya raba uwa da ɗa cikin ƙiftawar ido. Bugu da ƙari, kaso mai yawa na littattafan da ake sayarwa na batsa ne. An hana sayar da su ga wanda bai kai 18 ba, amma bangon littafi da fastocin talla a fili suke. Iyayen da suka ɗauka duk abin da aka zana na yara ne sukan sha mamaki a nan, domin a Japan zane hanya ce ta ba da labari ga kowane rukunin shekaru, daga na 'yan firamare har zuwa abin da babba ma zai kawar da kai. Iyalan da suka san gari sukan zaɓi AnimeJapan da ake yi a watan Maris, wanda ya sha ware sashe na musamman ga yara da iyayensu, ko gidan tarihin kamfanin katun na Ghibli da ke Mitaka, wanda aka buɗe a 2001.

A Faransa kuwa talabijin ce ta share fage. Katun ɗin Goldorak ya fara fitowa a 1978, sannan shirin yara na Club Dorothée ya cika gidaje da Dragon Ball da ire-irensa daga 1987 zuwa 1997. Manya sun yi ta suka a lokacin, har 'yar siyasa Ségolène Royal ta wallafa littafi a 1989 tana kokawa da tashin hankalin da ke cikin irin waɗannan shirye-shirye. Yaran da aka yi wa wannan fargaba su ne suka girma suka kafa Japan Expo, wanda ya koma filin bajekoli na Villepinte a 2006, kusa da filin jirgin saman Charles de Gaulle, kuma ya tara mutum kusan 250,000 a 2019. Ana yin sa a watan Yuli, daidai shigar dogon hutun makaranta. Ya fi sauran biyun sauƙi ga iyali mai haɗe da manya da yara, saboda bai tsaya ga zane ba: akwai nunin kokawa da wasan takobi na Japan, da kiɗan gargajiya, da rubutun buroshi, da rumfunan abinci, ta yadda kakar da ba ta san katun ɗin Naruto ba ma za ta samu abin kallo.

A ko'ina aka je, kuɗi ne babban abin da ke jawo saɓani tsakanin iyaye da yara. An tsara zauren sayayya ne don ya tayar da kwaɗayi: kayan wasa da aka ce a nan kaɗai za a same su, adadi ƙayyadadde, layi mai tsawo da ke sa mutum jin kamar zai yi asara idan bai shiga ba. A taruka da yawa hoto da tauraron fim ko sa hannunsa ma na kuɗi ne. Iyalan da suka saba sukan ba kowane yaro kasonsa tun da safe, su ajiye wurin haɗuwa idan an ɓace, su rubuta lambar waya a bayan katin shigar ƙarami, su kuma ɗauki ruwa da guzuri, tunda abincin ciki yana da tsada. Ga iyali Musulmi akwai ƙarin lissafi na wurin salla da abincin halal da irin shigar da za a gani. A Malesiya da Indonesiya 'yan mata sun samo tasu hanyar, inda suke naɗa hijabi mai launi ya ba da siffar gashin tauraruwar da suke kwaikwayo, jiki kuma a rufe.

Annobar korona ta dakatar da duka tarukan uku a 2020, kuma da aka dawo Comiket ya ƙayyade yawan masu shiga da tikitin kuɗi, abin da ya rage cunkoso sosai. A shekarun da suka gabaci haka al'adar ta riga ta bazu zuwa wuraren da suka fi kusa da matafiyi daga Afirka ta Yamma. An fara irin taron a Dubai a 2012, daga baya ya koma Abu Dabi, Jidda ta karɓi nata na farko a 2017. A Najeriya Ayodele Elegba ya kafa Lagos Comic Con a 2012, inda masu zane na gida ke baje littattafan da jarumansu 'yan Afirka ne, tare da masu katun da masu ƙera wasannin kwamfuta. Girmansa bai kai na San Diego ba, babu kuma zaure mai kujera dubu shida, amma layin masu zane yana nan, kuma iyali daga Kano ko Kaduna suna isa wurin ba tare da biza ba.