Bizar Masu Kitso: Tallar Da Ake Yi Mana Da Tsohon Labari

Wata mai kitso ce daga nan Titirou ta kira ni a shirina na rediyo, muryarta cike da murna. Ta ce, "Malam, an ce Ingila na neman masu kitso, kuma na samu wanda zai yi mini hanya." Tuni ta sayar da injin busar da gashi da kujeru biyu, ta biya rabin kuɗi. Hujjarta saƙon murya ne a WhatsApp. Na nemi ta turo mini. Da na saurara, sai na ga ya kamata a yi wa irin waɗannan saƙonni ɗauki ɗai-ɗai, domin yanzu sun fi mu masu saurare a Parakou da Djougou.

Salonsu ɗaya ne. A buɗe da sallama da addu'a, a ambaci albashi da fam, a juya shi zuwa sefa har kai ya yi jiri, sannan a rufe da "gurbi ya kusa cika." Abin da ba za ka taɓa ji ba shi ne kwanan wata. Nan ne cutar take, domin dokar shige da fice ta fi farashin doya a kasuwar Arzeke saurin canjawa.

Mu ɗauki Ingila. A watan Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake nema don bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa 38,700 a shekara. Ranar 22 ga Yulin 2025 aka sake ɗaga shi zuwa 41,700, aka kuma mayar da ma'aunin ƙwarewa matakin digiri. A ranar aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje, ƙofar da mata da yawa suka riƙa bi. Duk mai cewa zai kai makitsiya Landan da wannan biza, tsohon zance yake sayarwa, ko ƙarya tsagwaronta. Takardar ɗaukar nauyi kuwa mai ba da aiki ne ke bayar da ita, ba hajar kasuwa ba ce.

Ba duk ƙofofi ne a rufe ba, kuma wannan ma saƙonnin ba sa bayyana shi daidai. A Disamban 2024 Ostareliya ta fito da sabuwar bizar ma'aikata, kuma gyaran gashi na cikin jerin sana'o'inta. Sai dai akwai sharuɗɗa: mai shagon da zai tsaya miki, jarrabawar Turanci, shaidar aiki, da albashin da daga Yulin 2025 bai gaza dalar ƙasar 76,515 ba. Gyaran gashi a wurinsu ya haɗa da yanka da rini, ba kitso kaɗai ba. Kanada ta rage yawan waɗanda take ba zaman dindindin zuwa 395,000 a 2025 maimakon 500,000 da ta tsara, amma tun 2023 tana ware zaɓe na musamman ga masu jin Faransanci. Wannan dama ce ga 'yar Benin, in za ta zauna jarrabawar TEF ko TCF ta ci.

Ina da ƙorafi a kan su ma masu kafa dokar. Matar da ta shekara goma tana yarfa shuku da kalaba, wadda ke duban ƙeya ta san tsagar da za ta dace, an ce ba ƙwararriya ba ce saboda ba ta da digiri. Wannan ma'auni ne na takarda, bai san hannu ba. Amma ƙorafina ba zai buga wa kowa hatimi a fasfo ba.

Laifinmu shi ne mun raina takarda. Yarinya za ta yi shekara uku a gaban uwar ɗakinta, a yi bikin yaye da anko da kiɗa, a ba ta shaidar da shagon ne kawai ya san da ita. Alhali gwamnatin Benin na da jarrabawar CQM da CQP ga masu sana'ar hannu. Masu kitso nawa ne a Zongo ke rubuta ranar da suka fara aiki, ko su ajiye rasit? Jami'in biza ba ya tambayar unguwa ko kin iya; fayil yake buɗewa.

Na ce wa baiwar Allahn nan ta koma wa mutumin da tambaya uku: sunan bizar, sunan shagon da zai ɗauke ta, da ranar da dokar ta fara aiki. Kwana biyu bayan nan ta sake kira, ta ce lambarsa ta daina shiga. Kujerun ba su dawo ba. Ragowar kuɗin dai na hannunta, kuma ta tambaye ni inda ake rajistar CQM. Na yi mata kwatance. Allah Ya mayar mata da alheri.