Igiyar Roba Mai Haƙora da Ke Tuƙa Firintar 3D

Duk wanda ya tsaya kallon firintar 3D tana aiki, idonsa kan bakin nan mai zafi yake tsayawa, wanda ke zubo narkakkiyar roba siririya, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har abu ya tashi tsaye. Ba kasafai ake lura da baƙar igiyar da ke kai da komowa a bayansa ba. Ita ce bel. Faɗinta milimita 6 ne kacal, amma ita ke ɗauko umarnin kwamfuta daga injin juyi ta kai shi bakin na'urar. In ta yi kuskuren da bai kai kaurin farce ba, sai ka gan shi a jikin abin da aka buga.

Sana'ar haɗa irin wannan na'ura a gida ta samo asali ne daga Jami'ar Bath da ke Ingila, inda wani malamin injiniya, Adrian Bowyer, ya fara shirin RepRap a shekarar 2005. Burinsa shi ne na'urar da za ta buga da yawa daga sassan jikinta na roba da kanta, ya kuma saki zanenta kyauta ga kowa. Daga nan masu sha'awa suka yi ta gyare-gyare, har Josef Průša, wani matashi ɗan Jamhuriyar Cek, ya fito da samfurin Prusa i3 a 2012, wanda aka fi kwaikwayo a duniya.

Mai haɗawa da takarda da biro yake farawa, kafin ya taɓa alanki ko sifana. Injin da zai ja bel ɗin, wanda aka fi sani da NEMA 17, ba ya wulwulawa haka kawai. Taku-taku yake juyawa, kowane taku digiri 1.8, wato taku 200 kafin ya cika zagaye ɗaya. Allon lantarkin da ke sarrafa shi yana iya raba kowane taku gida 16, sai zagayen ya koma ƙananan taku 3,200. A kan sandar injin akwai fuli, ƙaramar ƙafa ce ta alminiyom mai haƙora, sau da yawa guda 20. Bel ɗin da aka fi amfani da shi, GT2, tsakanin haƙorinsa da na gaba milimita 2 ne. Ke nan in fuli ya yi zagaye ɗaya, ya ja bel milimita 40. A raba 3,200 gida 40, a sami 80. Ƙananan taku 80 ke matsar da bakin na'urar milimita ɗaya. Wannan lamba ake rubuta wa manhajar da ke cikin allon, irin su Marlin. Wanda ya zaɓi fuli mai haƙora 16 kuwa, nasa lissafin 100 zai ba shi: ya ƙara laushin motsi da ƙarfin ja, ya rage gudu. Tun daga nan zaɓi ya fara, kuma babu wanda yake kyauta.

Me ya sa sai mai haƙora? Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin injin niƙa ya san bel mai santsi: in kaya ya yi nauyi sai ya zame, ya yi ƙara, ya sake kamawa, gari kuma bai fasa fitowa ba. A nan zamewa ɗaya ta isa ta lalata aiki, domin yawancin waɗannan na'urori ba su da idon da zai gaya musu inda bakin yake. Ƙirga taku kawai suke yi, su yarda cewa an isa. In haƙori ɗaya ya tsallake, duk abin da za a shimfiɗa daga nan zuwa sama zai goce gefe da milimita 2, na'urar kuma ta ci gaba da aikinta ba ta da labari.

Siffar haƙorin ma da magana a ciki. Na'urorin RepRap na farko sun yi amfani da bel mai suna T5, mai manyan haƙora masu kusurwa. Irin wannan haƙori yana barin 'yar kafa a cikin ramin fuli, saboda haka duk lokacin da injin ya juya baya sai ya cinye wannan kafa tukun bel ya motsa. Haƙorin GT2 kuwa mai lanƙwasa ne, yana zama cikin raminsa daram. Shi ya sa masu haɗawa suka koma gare shi. A cikin robar akwai zarurruka na gilashi da ke hana ta miƙewa. Ana sayar da wani mai wayar ƙarfe a ciki, wanda sabon shiga zai ɗauka ya fi ƙarko. Gwani yakan kauce masa, don ya san ƙarfen da ake lanƙwasawa a kan ƙaramin fuli dare da rana gajiya yake yi ya tsinke daga ciki, a waje kuma ba a ga komai ba.

Sai shimfiɗa hanya, inda haƙurin mutum ke bayyana. A ɗaya ƙarshen, daura da injin, ana kafa fuli marar inji mai juyawa a kan boris, aikinsa kawai ya juyo da bel ɗin. Dole sashen bel ɗin da ke ɗaure da keken da ke ɗauke da bakin na'urar ya tafi daidai da sandar da keken ke gudu a kai, kada ya karkata sama ko ƙasa. In ya karkata, tsaurinsa zai riƙa canzawa yayin da keken ke tafiya, milimitar tsakiya ta bambanta da milimitar gefe, kuma babu lambar da za a rubuta wa manhaja ta gyara wannan. Za ka ga mai haɗawa ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya, ya tura keken da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan a hankali, yana duban ko bel ɗin na hawa gefen fuli yana gogawa. In ya ga baƙin gari na taruwa a ƙarƙashi, ya san roba ce ke cinyewa, sai ya kwance ya ƙara washar ƙarfe siririya ya sake gwadawa. Yana kuma kula da wace fuskar bel ce ke taɓa wane fuli: gefen haƙora ya hau mai haƙora, bayansa mai santsi ya hau mai santsi. A kan fulin injin, ƙa'idar masu ƙera bel ita ce aƙalla haƙora shida su kasance a cikin rami a kowane lokaci. In bel ya naɗe rabin fuli mai haƙora 20, an sami goma.

Akwai wani ɗan mitsitsin noti marar kai a gefen fuli, wanda ke damƙe shi a kan sandar injin. Sandar nan kaurinta milimita 5 ne, an kuma daddale gefenta ɗaya. A kan wannan daddalallen gefe ake ɗaure notin. Mai gaggawa yakan ɗaure shi duk inda ya samu, bayan 'yan kwanaki fuli ya fara zamewa kaɗan-kaɗan, shi kuma ya kama zargin kwamfuta. Wanda ya san aiki yakan ja layi ɗaya da biro daga kan sandar zuwa kan fulin. Ran da layin ya rabu biyu, ya san inda ciwon yake ba tare da ya kwance komai ba. Ni dai wannan dabara tana burge ni fiye da kayan awo masu tsada.

Bakin bel kuwa, ninke shi ake yi ya koma kan kansa, haƙora su shiga cikin haƙora, a ɗaure da maɗaurin roba, ko a tura shi cikin tsagar da aka buga da irin haƙoransa. Daga nan sai ja. In ya yi sako-sako, da'ira ta fito a tauye, kusurwa kuma ta bar inuwar kanta tana maimaituwa a jikin bango. In an matsa da yawa, boris ɗin injin ya ci wuya ya mutu da wuri, wani lokaci har firam ɗin ya lanƙwashe. Gwani da kunne yake aunawa: ya fincike bel ɗin da yatsa ya saurara. Sako-sako ba ya ba da sauti sai ɓaf-ɓaf, wanda ya ɗauru kuwa yana da amo, kuma ƙara ja na ƙara masa kaifi. Masu haɗa samfurin Voron sun mayar da abin lamba: a ware tsawon milimita 150 na bel, a fincike shi, a kara wayar hannu mai manhajar auna sauti, a nemi kaɗawa wajen 110 a daƙiƙa.

Wanda ya ƙware a wannan yakan haura zuwa tsarin CoreXY, wanda Ilan Moyer ya bayyana lokacin yana cibiyar MIT a Amurka. A nan injuna biyu suna zaune a jikin firam ba sa motsi, dogayen bel biyu ne ke zagaye na'urar su haɗu a kan keke ɗaya. In inji ɗaya kaɗai ya juya, bakin ya tafi a karkace. In sun juya tare gefe guda, ya tafi dama ko hagu. In sun saɓa, ya tafi gaba ko baya. Ribar ita ce keken ya sauke nauyin inji, saboda haka yana gudu yana tsayawa ba jijjiga. Kuɗin ribar kuwa, dole bel biyun su zo daidai. Haƙora ake ƙirgawa a yanke su tsawo ɗaya, a ja su da ƙarfi ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya tsauri, gadar da keken ke bi sai ta murguɗe, murabba'i ya fito a jirkice.

A ƙarshe ana buga ɗan ƙaramin akwati mai milimita 20 ta kowane gefe, a auna shi da ma'aunin ƙarfe mai muƙamuƙi. A nan ake bambance mutum biyu. Malalaci in ya ga 19.7, sai ya buɗe manhaja ya mayar da 80 ɗin nan 81, akwatin ya fito daidai, ya yi murna. Ran da ya buga abu mai milimita 200 zai tarar ya wuce awo, domin kuskuren ba a lambar yake ba tun farko. Gwani ba ya taɓa lambar, don haƙora da taku ne suka haife ta. Komawa yake yi ya duba layin biron nan, ya fincike bel, ya auna kusurwa zuwa kusurwa, ya duba ko roba ce ta tsuke da ta huce. Idan kana shirin haɗa taka, ka sayi bel ɗin da ya fi buƙatarka tsawo, ka kuma ƙirga haƙoran fulinka da idonka kafin ka yarda da abin da aka rubuta a jikin leda.