WAI SAI DUBAI NE WURIN HUTU? TSOKACI A KAN FALGORE DA RIRUWAI

Duk wadda ta saba karatun littattafanmu na Hausa ta san inda labari yake dosa da zarar an ɗaura aure. Ana gama walima sai filin jirgi, ango ya ɗauke amarya sai Dubai ko Landan ko Misira, a yi wata guda ana cin amarci a cikin dusar ƙanƙara ko a bakin teku, a dawo da akwatuna goma sha. Littafi na ɗaya haka, na biyu haka, kai ka ce hannu ɗaya ne ya rubuta su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, in kin lura da kyau, ba a taɓa kwatanta miki garin da aka je ɗin. Otal ne dai mai hawa da yawa, da gado na alfarma, da kantin sayen gwal. Da za a goge sunan Dubai a sa Landan, babu abin da zai canja a labarin, domin kuwa sunan kawai aka ara, ba wurin ba.

To ni ƙorafina ba a kan Dubai yake ba, wanda Allah ya hore wa ya je, a sauka lafiya. Ƙorafina shi ne abin da wannan rubutu yake dasawa a zuciyar yarinya. Ta taso da cewa hutu na masu kuɗi ne, kuma sai an hau jirgi. Ta yi aure, maigida ɗan albashi ne ko ɗan tireda, ta ga ba shi da halin jirgi, shi ke nan sai ta cire rai gaba ɗaya. Shi ma ya samu hanyar zillewa, in ta yi maganar fita ya ce "ke kin ga na yi kama da mai kuɗin Dubai?" Daga nan magana ta mutu. Yara su tashi tsakanin bango huɗu, daga gida sai makaranta, in sun yi sa'a ranar Sallah a kai su gidan zoo a cikin turmutsitsi, su leƙa kura ta bayan waya a dawo da su da ciwon kai. Alhali kuwa a nan kudancin Kano, tafiyar 'yan awoyi a mota, akwai ruwa da daji da duwatsun da za su ishi marubuciya littafi guda, su ishi iyali yini guda.

Ki ɗauki hanyar Zariya daga birni. Kafin ki yi nisa kin shiga ƙasar Bebeji, inda madatsar ruwa ta Tiga take. An gina ta ne tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano, ruwan ya kwanta ya yi faɗin da ya haura murabba'in kilomita 170. In kin tsaya a bakinsa ba kya hango ɗaya gaɓar sosai, sai duwatsu jefi-jefi da masunta a cikin kwale-kwale. Yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na kududdufin unguwa ba, ranar ba za ta yi barci da wuri ba don labari. Kuma wannan ruwa ba baƙonki ba ne, uwargida. Shi ne yake bin magudanai ya shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, tumatirin miyarki da shinkafar tuwonki da shi suka girma.

In kika wuce zuwa Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru, sai ki saki titin Zariya ki kama hanyar Jos. Za ki ratsa Tudun Wadar Ɗankadai, ƙasar shinkafa da masara, daga nan kuma sai ki ji iska ta fara canjawa, itatuwa sun fara haɗe kai. Kin shigo Falgore ke nan, kimanin kilomita 150 daga birnin Kano. Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, sannan a shekarun 1960 aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya dangana da iyakar Kaduna da Bauchi. Daji ne na doka da maje da kirya da marke da kaɗanya, ga taura da tsada da ɗinya waɗanda yaranmu na birni a faifan talla kawai suka san su, ba su taɓa ganin uwarsu a tsaye ba. Da can an san shi da gwanki da mazo da gada da mugun dawa da kura. Yanzu kam abin da matafiyi ya fi saurin gani birai ne a gefen titi, da zabin daji, da tsuntsaye iri-iri.

Amma ni a wurina sarauniyar tafiyar ita ce Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Mu Kanawa mun saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, in an ce dutse sai mu tuna Dala da Goron Dutse. To duwatsun Riruwai ba sa'anninsu ba ne. Birnin Kano bai kai mita 500 a saman teku ba, su kuwa ƙololuwarsu ta haura mita 1,000, nan ne wuri mafi tudu a duk jihar. Shi ya sa sanyin can daban yake, ruwan sama ma ya fi sauka, da damina sai ki ga hazo ya sauko ya lulluɓe kan dutse kamar an yafa masa mayafi, ƙoramu suna gangarowa ta ko'ina. A wajen Zainabi akwai inda ruwa yake zubowa daga saman dutse. Ga kuma tsofaffin ramukan kuza, domin tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a wannan ƙasa, har ta tara baƙi daga wurare da dama. Yanzu don Allah ki gaya mini, wace soyayya ce ba za ta zauna a irin wannan wuri ba? Saurayi ɗan mahaƙa kuza, budurwa 'yar birni da aka kawo hutu gidan kakarta, ga hazo, ga ƙarar ruwa, ga hanya mai hawa da gangara. Amma ina, an fi son a kai mu otal ɗin da ba a san ko ƙofarsa gabas take kallo ba.

Sai dai kuma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Ba marubuta da magidanta kaɗai ke da laifi ba. Sunan Falgore ya daɗe yana tayar da gaban matafiya. Shekaru da dama 'yan fashi suna tare hanyar, sannan wajen 2015 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mayar da dajin maɓoya, har direbobi suka riƙa gudun ratsa shi in rana ta faɗi. A 2017 sojoji suka shiga da atisayen da suka kira Harbin Kunama na biyu, daga baya aka mayar da wani sashe na dajin filin horar da soja. Saboda haka in maigida ya yi jim da kika ambaci Falgore, kada ki ce rowa ce, yana da hujjarsa. Mutumin da zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya shiga da su daji dole ya yi tambaya tukuna.

Hukuma kuwa nata kason ya fi na kowa girma. Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya yi tunanin hutun iyali tun kafin a haifi yawancinmu, gidan zoo ɗin ma da muke rububinsa aikinsa ne. A Bagauda an yi otal na bakin ruwa wanda ya yi suna a duk Arewa, yau harabarsa ta zama makarantar horar da lauyoyi, to wannan da sauƙi tunda ana cin moriyarsa. Otal ɗin kan dutse na Tiga, Rock Castle, shi kam shekaru ya yi yana lalacewa ana kallo. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, Falgore na ciki. Madalla. Amma mace mai goyo ba takardar amincewa take tambaya ba. Tambayarta ita ce, in na je ina zan kama ruwa? Ina zan yi salla? Akwai inuwar da zan shimfiɗa tabarma in ba yaro nono ba tare da idon maza a kaina ba? Wa zai yi mana jagora, kuma nawa ne kuɗin shiga? Mutanen Bauchi sun amsa irin waɗannan tambayoyi a Yankari gwargwadon hali, akwai ɗakunan kwana, akwai motar zagaya daji, ga ruwan ɗumi na Wikki, shi ya sa Bakano yake ƙona mai ya tafi can ya bar nasa a baya. Ba daji suka fi mu ba kawai, tanadi suka fi mu.

Yanzu bari in zo kanmu, don kada a ce na yi tuya na manta da albasa. 'Yar uwa, buhun gawayin da yake jingine a madafinki, kin taɓa tambayar daga ina ya fito? Tunda kananzir ya gagari talaka, gas kuma ya yi tsada, kowa ya koma kurfoti. Mai gawayi kuwa ba ya son itacen banza, kirya yake nema da marke, domin su ne gawayinsu yake da nauyi, ya daɗe yana ci. Kiryar da ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa a sassaƙa turmi da ita, a yini ɗaya ake kayar da ita a turbuɗe. Ana yin wannan a dazuzzukan Arewa da dama, Falgore bai tsira ba, ga masu saran katako, ga masu cinna wa daji wuta da kaka don farautar gafiya. Dajin Dansoshiya na ƙasar Ƙiru ma, inda gwamnati ta buɗe matsugunin makiyaya a 2020, yana buƙatar a sa masa ido. To ki duba yadda abin yake zagayowa. Kogin Kano ta cikin Falgore yake ratsowa kafin ya zuba a Tiga. Saiwar itace ita take riƙe ƙasa, in babu ita ruwan sama sai ya kwashi yashi da laka ya kai cikin dam, dam ya riƙa cikewa daga ƙasa, ruwan da yake ɗauka ya ragu. In ya ragu manomin Kadawa ya ji a jikinsa, ke ma ki ji a kuɗin cefane, har da famfo, tunda matatar ruwa ta Tamburawa daga wannan kogi take ɗiba. Ba cewa na yi ki daina girki ba, yara ba za su ci ɗanye ba. Amma murhun da yake tsimin gawayi yana nan a kasuwa, rufe tukunya da jiƙa wake tun dare suna rage wuta, kashe garwashi bayan an sauke a adana shi ba ƙaranta ba ce. Ban taɓa karanta littafin da jarumarsa ta yi wannan tunani ba, su kullum kuku ne yake musu girki.

Wani abin kuma, in Allah ya yi an fita, wasunmu kan mayar da wurin kamar gidan biki. An ci leshi, an ɗora takalmi mai tsini za a hau dutse, ba a yi taku ashirin ba an zauna ana haki. Ido yana kan waya, a ɗauki hoto a juya a sake ɗauka, har a taso ba wadda ta nuna wa ɗanta bambancin ganyen ɗorawa da na tsamiya. In an tashi kuma a bar wurin da ledar fiya wata da robar lemo da ƙunzugun yara, shanun Fulani su zo su haɗiye leda ta kashe su. Haba 'yan uwa! Silifas mai kama ƙafa ko kambas, doguwar riga mara nauyi, hijabin da ba ya jan ƙasa, da buhu guda na kwashe shara, sun wadatar.

Maganar ruwa kuwa ba ta wasa ba ce. Kada ki bar yara su faɗa kwantaccen ruwan gefen dam don sun ga 'yan gari suna yi, a irinsa ake ɗaukar tsargiya, ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi ta huda fata, bayan makonni ki ga yaro yana fitsarin jini. Kwale-kwale kuma in ya cika kada kunya ta sa ki shiga. Ba mu manta da abin da ya faru a dam ɗin Watari na Bagwai ba a ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da ƙima ya kife, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. In babu rigar kariya, kallo daga tudu ya isa.

Kuɗin tafiyar fa? Gida uku ko huɗu na 'yan uwa in suka yi adashi na wata biyu, sun ɗauki shatar bas. Abinci daga gida, dafa-duka a kula, dambun nama, cincin, zoɓo a jarka, masara gasasshiya kuwa a hanya za a same ta in lokacinta ne. Wanda bai natsu da shiga daji ba ya tsaya a Tiga, ita ma ta isa yini. Masu niyyar Riruwai su nemi wani ɗan gari tun kafin ranar, ya faɗa musu halin da hanya take ciki a wannan makon, ba labarin bara ba, kuma kada a kutsa cikin gandu sai da ma'aikatansa. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ciyawa ba ta bushe ba, ƙoramu ba su ƙafe ba, ba a fara ƙona daji ba. A fita bayan sallar asuba, a juyo da azahar, yadda za a baro Falgore a baya tun rana tana sama.