Sakan 10 Kafin Ƙyas: Nazarin Hoton Iyali da Kyamara Ke Ɗauka da Kanta

Duk gidan da ke da mai sha'awar ɗaukar hoto, in aka buɗe albam ɗinsu za a tarar shi ne ya fi kowa ƙarancin hoto a ciki. Ranar suna yana nan, ranar saukar karatu yana nan, amma a bayan kyamara yake tsaye. Wani ma da gangan yake laɓewa a can, don wanzami ba ya son jarfa. Maganin da maƙera kyamara suka samar shi ne taima, wato saitin da ke jinkirta ɗauka na ɗan lokaci bayan an danna, don mai dannawar ya ruga ya shiga sahu. Ana ɗaukar abin wasa, alhali ya haifar da nau'in hoto mai zaman kansa, da kamanninsa da alfanunsa da kuma rauninsa.

Asalin abin

Son mutum ya ga kansa a hoton da ya ɗauka da hannunsa tare da kyamara aka haife shi. A 1839, a birnin Filadelfiya na Amurka, Robert Cornelius ya buɗe murfin idon kyamararsa, ya zauna cik a gabanta, sannan ya tashi ya rufe. A zamanin kyamara na daɗewa kafin ta gama shan haske, don haka bai buƙaci wata dabarar jinkiri ba. Da fim ya ƙara sauri har ɗauka ta koma ƙiftawar ido, sai buƙatar jinkirin ta taso.

Lokacin ne kuma kyamara ta fita daga hannun ƙwararru ta shiga gidaje. George Eastman ya fito da Kodak a 1888, ɗauke da fim mai cin hoto 100, sannan a 1900 ya fito da Brownie a kan dala 1. Taimar farko 'yar na'ura ce mai wani irin na agogo da ake saya daban a maƙala wa kyamara, irin su Autoknips na Jamus. Daga baya aka dasa ta a jikin kyamarar, ɗan hannu ne a gaba da ake murɗawa, ya yi ta ƙara yana komawa har ya ƙyasta. Kyamarorin yau yawanci sakan 2 ko 10 suke bayarwa. Na 2 don kada hannu ya girgiza kyamara ne, na 10 kuwa don mai gudu aka yi shi. Wayar iPhone sai a 2014 ta samu nata saitin a manhajar kyamararta, sakan 3 ko 10.

Yadda ake gane shi

A ɗauki hantsin ranar Sallah a tsakar gida, an dawo daga Idi, shadda ba ta riga ta yamutse ba. An jera kujeru biyu, an shimfiɗa tabarma a gabansu don yara. Babu sanda mai ƙafa uku, sai aka kifa turmi, aka jingina wayar da fulas ɗin shayi. Babban ɗa ya duƙa yana leƙawa: “Hajiya, a ɗan matso kusa da Baba.” Ya danna, ya zabura. Ƙanwarsa ta ce, “Yaya, ka danna kuwa?” Kafin ya ba ta amsa wayar ta ƙyasta.

Hoton da zai fito daga nan yana da alamomin da ke tona asirinsa. Da yake kyamarar a ƙasa take, ƙafafu da tabarma ne ke cika gaba, kawuna kuma su kusa taɓa saman hoton. A gefe guda akwai gurbin da aka bar wa mai gudu, shi kuma yana ciki a karkace, hula ta goce, kafaɗa ba ta gama daidaita ba. Wani lokaci mutanen su fito dishi-dishi bango ya fito tar, saboda kyamarori da yawa suna tsayar da ganinsu ne a kan abin da ke gabansu lokacin da aka danna.

Babbar alamar a fuska take. In mutum ne ke riƙe da kyamara, shi ake kallo, shi ake yi wa murmushi ko a ji kunyarsa. A nan kuwa ba kowa a bayanta, jama'a sun zuba wa na'ura ido suna jiran lokacin da ba su san ainihin isowarsa ba. Murmushin da aka shirya yakan ƙare tun kafin sakan 10 su cika. Abin da kyamara ke samu shi ne abin da ya biyo baya: dattijo ya koma kamewarsa ta kullum, yarinya ta juya tana kallon yayanta, uwa ta miƙa hannu ta riƙo jaririn da ke shirin rarrafawa.

Tsakanin situdiyo da ɗauki-da-kanka

Hoton situdiyo yana da shugaba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, shi ke zaɓar zanen da za a rataya a baya, ya ara wa mutum rediyo ko agogo ko babur, ya gyara masa zaman hannu. Masu hoton da ke zagaya unguwanni ranar Sallah a garuruwanmu su ma haka suke, su ke cewa wane ya tsaya nan, wance ta ɗaga kai. Hoto yakan yi kyau, amma da idon baƙo aka tsara shi.

Hoton ɗauki-da-kanka, wanda ya bazu bayan wayoyi sun samu kyamarar gaba, ya kawar da baƙon amma ya zo da tasa matsalar. Tsawon hannu kaɗai ke tsakanin fuska da waya. Wani bincike da Boris Paskhover da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. Ban da wannan, mai riƙe da wayar ne ke zama gaba, kansa ya fi na kowa girma, mahaifinsa kuma yana can baya ɗan mitsitsi. Taima tana ba da tazara, jiki ya fito tun daga kai har ƙafa, gida ya fito, kowa ya zauna inda girmansa ya ajiye shi.

Abin da sahu ke faɗa

A 1965 masanin zamantakewa na Faransa Pierre Bourdieu da abokansa suka fitar da littafi kan hoton da talakawa ke ɗauka. Abin da suka tsaya a kai shi ne hoton iyali aikinsa girmama manyan ranakun gida da tabbatar wa 'yan gidan cewa su abu guda ne. A hoton taima wannan ya fi fitowa fili, domin iyalin ne suka tsara kansu ba da umarnin kowa ba. Wa ya samu kujera, wa ya tsaya? A wane gefen maigida uwargida take, ina amarya? Ɗan fari, wanda alkunya ke sa iyaye su ɗan ja baya da shi, kusa da kaka ya tsaya ko kusa da uwa?

Akwai kuma wanda aka saba miƙa wa waya a ce “ɗauke mu”. Sau da yawa ɗan riƙo ne, ko 'yar aiki, ko almajirin gida. Roƙon ya zama hanyar cire shi daga hoton ba tare da an faɗa ba. Taima ta rushe wannan uzuri: in bai fito ba, to ba a kira shi ba ne.

A gidan da baƙon namiji ba ya shiga, taima ta ba mata damar samun hoto tare da mazajensu da 'ya'yansu ba sai an fita ko an shigo da wani ba. Wannan sirrin kuwa amana ne. Hoton da aka ɗauka a tsakar gida bai kamata ya hau Facebook ko WhatsApp ba sai da yardar waɗanda ke cikinsa, kuma dattijon da ya ƙi shiga saboda fahimtarsa ta addini a ƙyale shi.

Ko mutum shi kaɗai, ɗaukar kansa na iya zama saƙo ga dangi. Samuel Fosso, wanda aka haifa a Kumba ta Kamaru a 1962, yaƙin basasar Najeriya ya raba shi da gidan danginsa a can, ya buɗe situdiyo a Bangui a 1975 yana ɗan shekara 13. Da ragowar fim ɗin kwastomomi yake ɗaukar kansa bayan an tashi aiki, ya aika wa kakarsa a Najeriya don ta ga yana lafiya. Waɗannan hotuna ne mafarin sunan da ya yi a duniya.

Rauninsa

Hoton taima shiryayye ne, kada a ɗauke shi shaidar yadda gida yake kullum. Kishiyoyin da ba sa ga maciji za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa na sakan 10. Kusan duk a ranar ado ake yin sa, shi ya sa albam ke cika da sababbin kaya, babu ranar wanki, babu cin tuwon dare. Tsayuwar ma iri ɗaya ce shekara da shekaru. Ta fuskar aiki kuwa gyaran mai sauƙi ne: a ɗaga wayar ta kai tsayin ƙirji, a yi amfani da kyamarar baya don ta fi ta gaba kyau, a nemi inuwa maimakon tsakar rana, a tsayar da wani a gurbin mai gudu kafin a danna, a kuma ɗauka fiye da sau ɗaya.

Duk da haka, a cikin hanyoyin nan uku, wato situdiyo da ɗauki-da-kanka da taima, taima ce kaɗai ke ba da hoton da babu baƙo a bayansa, babu ɗan gida a wajensa, kuma ba a tauye girman kowa ba. Abin da ya fi yi masa barazana yanzu shi ne zama a waya, domin waya na ɓata, tana lalacewa, ana sace ta. Mai karatu, ko sau ɗaya a shekara ka tara mutanen gidanku, har da wanda kuka saba ba wa waya ya ɗauke ku, ka saita sakan 10 ka shiga cikinsu. Ka kai a wanke hoton, ka rubuta kwanan wata da sunan kowa a bayansa.